Da Sauƙin Baba Haladu

Ina shekarata ta biyu a Fas ina karatun Larabci dogon hutu ya zo, aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai. Masu hali suka hau jirgi suka tafi gida. Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a gefen Bagwai, gurbin karatu ne ya kai ni Maroko, kuma gurbin bai tanadi inda zan kwana a lokacin hutu ba. Ana cikin haka sai wani ɗan ƙasarmu mazaunin Marrakesh, wanda kowa ke kira Alhaji, ya aiko cewa ana neman mai jin Larabci da Turanci a wani masaukin 'yan yawon buɗe ido a cikin duwatsun Atlas. Ya ce aikin tafinta ne, zama kawai da magana. Na yi murna, domin na karanta tarihin duwatsun: daga cikinsu wata daula ta taso ta mallaki ƙasa har Andalus. Na sayi sabon littafin rubutu saboda tafiyar.

A tashar Marrakesh na tarar da Alhaji tare da wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, hularsa ta koɗe saboda rana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, daga ina?"

"Bagwai, Baba."

"Af! Ashe ɗan gida ne. Ni mutumin Shanono ne, sunana Haladu. Ku ne aka yi wa dam kuka daina zuwa roƙon ruwa ko?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan kunyar taka, a Bagwai aka koya maka ko a littafi?"

A cikin mota ya ba ni labarinsa. Ziyara ya zo Fas wata biyar da suka wuce. Mutumin da ya shirya musu tafiyar ya damƙa masa takardar komawa ta bogi, ayari ya tashi ya bar shi a filin jirgi. Tun daga nan yake dako a kasuwa yana neman hanyar gida, har Alhaji ya ce shi ma ya samo masa aiki a masaukin. Ba ya jin kowane yare sai Hausa da Larabcin salla. Ya ce Allah ne ya haɗa mu, tunda yanzu ya samu baki.

Kafin motar ta tashi Alhaji ya karɓi fasfo ɗinmu, wai za a yi mana rajista, ya miƙa wa wani dogon mutum mai suna Lahsan, shi ne mai masaukin. Na san ba daidai ba ne. Na buɗe baki, sai na ga kowa ya girme ni, na rufe. Ba mu sake ganin Alhaji ba.

Mutumin da ya tashi a ƙasarmu, inda kana tsaye a bakin gonarka kana hango rimin ƙauye na uku, ba ya gane dutse sai ya shiga cikinsa. Motar ta yi ta kewaya kamar ana naɗa rawani, kunnuwana suka toshe, har muka isa ƙauyen da kwalta ta ƙare. Gidajen an gina su da ƙasa da dutse, wani a kan wani, rufin na ƙasa shi ne tsakar gidan na sama. Daga nesa ba ka raba su da jikin dutsen. Mutanen wurin ba Larabawa ba ne, Amazigh suke kiran kansu, suna da yarensu, kuma sun riga Larabawa zama a ƙasar.

Washegari na tambayi Lahsan ina zan zauna in yi tafintar. Ya yi dariya har ya dafa bango. Yana da ɗan ƙanwa mai jin yare huɗu. Ya nuna mana tulin duwatsu a bakin rafi da kwandunan roba biyu. Yana ƙara ɗakuna ne a masaukin, kuma inda alfadari ba ya iya bi, mu za mu bi. Na ce masa ba haka aka gaya mini ba. Ya ce, "To koma wurin wanda ya gaya maka." Fasfo ɗina yana aljihunsa yana faɗin haka.

Da na fassara wa Baba Haladu, sai ya cire babbar rigarsa ya ninke. "Malam Mudassir, dutse ai ba ya cizo. Ɗauki ƙarami."

Mun yi mako shida a ƙauyen. Ɗakinmu yana jikin turken alfadarai. Muna ci ne bayan baƙi sun ci, bayan ma'aikatan kicin sun ci. Lahsan bai taɓa kiran sunanmu ba, da ni da Baba duk Afirka yake ce mana, kamar shi a wata nahiyar yake. Baƙi kuwa sukan tsaya su ɗauki hoton Baba da kwando a ka, don su ba su saba ganin ɗaukar kaya a ka ba. Wata rana wani ya ce in gaya masa ya koma baya ya sake hawowa, hoton farko bai fita ba. Na gaya masa. Ya koma ya sake hawowa, yana cewa, "Ka tambaye shi ko in ƙara da rawa."

Abin da ya riƙe zuciyar Baba shi ne gonakinsu. Sun yanka jikin dutse hawa-hawa kamar matattakala, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu, wani bai fi tabarma uku ba, amma a ciki akwai masara, ko sha'ir, ko dankali, da itatuwan tuffa a gefe. Ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga sama suke jawowa ta 'yan ƙananan magudanai, kowane gida da ranarsa da sa'arsa, dattawan ƙauye ne ke raba shi tun kakanni. Ran Juma'a, da ake ba mu hutun yini, Baba yakan je ya tsuguna a bakin wata gona ya damƙi ƙasar ya murza.

"Ka ga mutanen nan? A ka suka ɗauko ƙasar nan, na rantse. Mu ga fili Allah ya shimfiɗa mana, muna faɗa a kan iyaka." Can ya ce, "Yanzu a gida gero ya fitar da kai. Ban san wa ya yi wa Hajara huɗa ba." Hajara matarsa ce.

Ni kuma kalmomi nake tarawa. Akwai wani tsoho mai alfadarai, Brahim, shi ke kawo wa Lahsan siminti. Yana jin ɗan Larabci. Shi ya fara ba mu shayin na'ana'a a kofin da shi ma yake sha, kuma shi ya kawo wa Baba tsohuwar jallabiyar ulu da ya ga yana karkarwa da safe. A wurinsa na ji cewa kalmarsu ta azumi kusan ɗaya ce da tamu. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na zauna ina yi wa Baba bayanin fataken da suka riƙa ƙetare sahara da fatun Kano, har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. Ya ce, "To ka gaya wa Lahsan mu 'yan'uwansa ne, ko ya ƙara mana gurasa."

Ina alfahari da tafintata a lokacin. Ba na ƙari, ba na ragi. Wani malaminmu a Fas ya taɓa yaba mini a kan haka a gaban aji.

A mako na bakwai Lahsan ya ce aikin ƙasa ya ƙare, saura na sama. Yana da wata bukkar dutse can kusa da ƙololuwa, inda masu hawan Tubƙal, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, suke yada zango. Yana so a yi mata rufi kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Muka tashi da hantsi a bayan alfadaran Brahim. A tsakiyar hanya akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, an kafa masa tutoci, mutanen ƙasar na zuwa ziyara suna yanka, a gefe kuma ana sayar wa Turawa lemo da aka sanyaya a ruwan rafi. Daga nan bishiya ta ƙare. Babu ciyawa, babu tsuntsu, sai baƙaƙen duwatsu da iska. Muka isa da la'asar. Na lura taku goma nake yi in tsaya in nemi numfashi, kamar an rage wa iskar wani abu.

A rana ta uku Baba ya fara tari. Busasshe ne da farko. A ta huɗu ya daina cin gurasa, yana ɗaukar kwando ya yi taku biyar ya zauna. Na gaya wa Lahsan. Ya ce sanyi ne, kowa na yi. Sannan ya ja ni gefe, ya yi magana a hankali da Larabci mai kyau, irin na makaranta, don kada in ce ban gane ba. Ya ce duk wanda ya sauka kafin a gama rufi ya sauka ba fasfo. Ya ce in aka kai tsohon asibiti jandarmomi, 'yan sandan karkararsu, za su zo, za su ga bizarsa ta mutu, za su kuma tambayi me ɗalibi mai katin karatu yake yi da kwandon dutse. "Kai ka san dokar gurbinku," in ji shi. Na sani. Na karanta ta layi-layi ranar da na sa hannu, ta hana ɗalibi yin aiki.

Ban fassara wa Baba wannan ba. Amma ya ga fuskata.

A safiyar rana ta biyar wasu baƙi suka sauko daga ƙololuwa suka tsaya shan shayi. A cikinsu akwai wata Baturiya mai furfura. Baba yana zaune a rana ya jingina da bango, cikin jallabiyar Brahim. Ta ji tarinsa, ta ajiye kofinta ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta ce ita likita ce. Ta kama yatsunsa ta duba farce, ta duba leɓɓansa, ta kara kunnenta a bayansa saboda ba ta zo da kayan aiki ba. Ta tambayi wa ke jin yarensa. Lahsan ya nuna ni da haɓa, ya tsaya a bakin ƙofa da butar shayi a hannu.

Ta yi mini magana a hankali, ta maimaita. Ta ce akwai ciwon da tsawon dutse ke kawowa, ruwa ya taru a huhu. Yana kama da mura, kuma maganinsa ɗaya ne, sauka. Ta ce ba ta da tabbas, don haka tana so ta san abu guda: daga jiya zuwa yau, abin raguwa yake yi ko ƙaruwa? In raguwa yake, ya huta kwana biyu kada ya ɗauki komai. In ƙaruwa yake, yanzu za ta ɗora shi a kan alfadarin da ta yi haya, ita ta taka da ƙafa, ta kai shi asibiti da kanta.

Na tsuguna na ce, "Baba, likita ce. Tana tambaya yaya jikin."

Ya gyara zama, ya ja jallabiyar ya rufe ƙirjinsa saboda mace ce a gabansa. "Da sauƙi. Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Baba, cewa ta yi daga jiya zuwa yau. In ya ƙaru za ta sauka da kai."

"Na ji ka, Malam. Ka gode mata. Ka ce da sauƙi."

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san kalmar nan. Na ji ta a bakin kakata ranar da ta rasu, da safe ta faɗa, kafin azahar an yi mata sutura. Ba labarin ciwo ba ce. Godiya ce ga Allah, kuma ladabi ne ga wanda ya zo dubiya, kada a mayar da shi gida da nauyi. Mai dubiya ba ya sauraron bakin majinyaci, sai ya fito zaure ya tambayi mai jinya, shi ne zai gaya masa gaskiya. A kan dutsen nan ni ne mai jinyar. Ni na kwana kusa da shi ina jin ƙirjinsa yana ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Ni na ga kumfa mai ja-ja a ƙyallen da yake ɓoyewa a aljihu.

Na ce mata da Turanci, "Ya ce ya samu sauƙi."

Ta dube ni. Ba na iya haɗa ido da babbar mace, sai na kalli takalmanta. Ta ce, "Kai fa? Kai da kake tare da shi, me ka gani?"

Na ji ƙarar murfin butar Lahsan. Na tuna katin karatuna, da mahaifina da ya tara mutane a ƙofar gida ranar da sunana ya fito. Na ce a raina ai ba ƙarya zan yi ba, abin da ya faɗa zan faɗa.

"Ya ce ya samu sauƙi," na sake cewa.

Ta ɗan jima a durƙushe. Sannan ta ba ni wasu ƙwayoyi, ta ce in ya kasa kwanciya sai a zaune, ko ya fara tofar da kumfa, kada a jira komai, a sauka da shi. Alamomin nan biyu duk ya riga ya nuna su. Na karɓi ƙwayoyin da hannu biyu na yi godiya. Baba ya ɗaga mata hannu. "Allah ya yi albarka. Ka ga mace mai kirki, ba ta ko ƙyamar mutum." Muka bi alfadarinta da kallo yana sauka da jakunkuna biyu kawai a bayansa.

Washegari da safe Baba ya kasa tashi salla. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Yana kirana da sunan ɗansa, yana cewa in kai awaki bayan gari. Da hantsi Brahim ya iso da siminti. Ya leƙa ɗakin, bai tambayi kowa komai ba. Ya kwance buhunan ya zubar a ƙasa. Lahsan ya fito yana ihu da yarensu, Brahim ya mayar masa da kalma ɗaya, ban san ma'anarta ba, ban kuma rubuta ta ba. Muka ɗora Baba, muka ɗaure shi da rawanin Brahim. Ina tafe a gefe ina riƙe da gwiwarsa.

Hanyar tana da santsi, alfadarin ba ya sauri. Can wani wuri hankalinsa ya dawo, ya gane ni. Ya ce, "Ɗan Bagwai, ina muka nufa?"

"Ƙasa, Baba. Asibiti."

"To fasfo ɗin fa?"

Na ƙara riƙe gwiwarsa, muka ci gaba da sauka. Muna hango tutocin farin dutsen nan a ƙasanmu sai Brahim ya tsayar da alfadarin. Ya taɓa wuyan Baba, ya ɗaga hannu ya shafe masa ido. Wasu baƙi da ke hawowa suka matsa gefe suka ba mu hanya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya, abokinsa ya sauke masa hannu.

Jandarmomi sun zo ƙauyen da yamma. Kafin su iso Lahsan ya sa mini fasfo biyu a hannu, nawa da na Baba. Ya ce abin da ya faru shi ne, tsohon ya zo ziyara, ya yi sha'awar ganin dutse, ni kuma na rako shi. Haka na faɗa musu, da Larabcin da babu kuskure a ciki. Suka rubuta, na karanta, na gyara musu yadda ake rubuta Shanono, na sa hannu.

Mutanen ƙauyen ne suka yi masa wanka. Wata tsohuwa da ba ta taɓa yi mana magana ba ta aiko da likkafanin da ta ajiye wa kanta. Sahu huɗu aka yi. Maƙabartarsu ma hawa-hawa ce, sun ba shi wuri a gefen wata gonar sha'ir. Lahsan ya tsaya a sahun gaba.

Na koma Fas na ci jarrabawa. Sai bayan shekara guda na samu zuwa gida. Na kwana biyu a wurin iyayena, a rana ta uku na hau babur zuwa ƙauyensu Baba a ƙasar Shanono, da fasfo ɗinsa da hularsa da carbinsa a cikin leda. Kaka ce, ko'ina dammunan dawa a jingine. Babban ɗansa ya tare ni a zaure ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Tun a waya na sanar da su rasuwar, kuma duk garin an san ni a matsayin yaron da ya tsaya a kan mahaifinsu a ƙasar da ba shi da kowa. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa mini albarka. An yanka mini zakara.

Bayan la'asar aka shigar da ni wurin Inna Hajara. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na durƙusa nesa kaɗan na yi mata gaisuwa, na tura mata ledar. Ta buɗe, ta ɗauki hular ta juya ta, ta ajiye a cinyarta. Ta tambaye ni ko ya samu mutane. Na ce sahu huɗu. Ta tambayi ko an fuskantar da shi alƙibla daidai, tunda an ce ƙasar duk dutse ce. Na ce da idona na gani.

"Babu asibiti ne a can?"

Na yi niyyar cewa yana da nisa. Hakan ma gaskiya ne. Amma sai na ji bakina yana ba ta labarin likitar, tun daga kofin shayin da ta ajiye har alfadarin da ya sauka da jakunkuna. Ban rage komai ba, har maganar katina. Ɗan nata yana tsaye a bayana, na ji ya daina motsi.

Inna Hajara ba ta daina ɓarar gyaɗar ba sai da na gama.

"Ya ce mata da sauƙi."

"E, Inna."

"To me kake so ya ce? Dattijo ne, a gaban baƙuwa." Ta hure ɓawon da ke tafin hannunta. "Shi ya faɗi nasa. Ita Baturiya ce, ba ta sani ba." Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun shigowata.

"Kai ba Bahaushe ba ne?"

Ta jawo farantin ta ci gaba da aikinta. Can ta ce wa ɗanta, ba tare da ta sake kallona ba, "A ɗaura masa gyaɗar nan a babur. Ka raka shi bakin hanya, kada magariba ta same shi a garinmu."